Kahina, sarauniyar duwatsun Auras: da wane ido za mu dube ta?

Malama Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirya wa 'yan matan ajina darasi a kan yadda Musulunci ya shiga Arewacin Afirka, sai na ci karo da wata mata da ta hana ni wucewa. Sunanta Dihya, amma Larabawa suka kira ta Kahina, wato bokanya. Sarauniyar ƙabilar Jarawa ce, wani reshe na Zanata daga cikin Barbar, wato mutanen asalin Arewacin Afirka, a duwatsun Auras da ke gabashin Aljeriya ta yau. Halifa Abdulmalik bin Marwan ya turo Hassan bin Nu'uman da runduna da masu tarihi suka ce ta kai mutum 40,000. Hassan ya ci Kartaj, babban birnin Rumawa a yankin, sannan ya tambaya wa ya rage mai ƙarfi, aka ce masa wata mata ce a kan duwatsu, in ka gama da ita ƙasar Magrib, wato yammacin Arewacin Afirka, ta zama taka. Ya tasar mata, suka haɗu a kwarin Miskiyana wajen shekarar 698, ta karya shi mummunar karyawa, ta kore shi har cikin Libiya ta yau. Can ya zauna shekaru yana jiran gudunmawa, a wurin da har aka riƙa kira Ƙusuru Hassan. Damuwata ita ce: ni Musulma ce, ɗalibaina Musulmi ne. In na tsaya gaban allo, me zan ce musu a kanta? Jaruma ce, ko kuwa wadda ta tare wa addini hanya?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka miki da kika tambaya kafin ki shiga aji. Ni a wurina maganar ba ta da duhu. Mutanen da ta yaƙa su ne suka ɗauko kalmar shahada zuwa wannan nahiya. A cikin rundunonin nan akwai tabi'ai. Uƙuba bin Nafi'u, wanda aka haifa tun Annabi (SAW) yana raye, shi ya kafa birnin Ƙairawan da ke Tunisiya ta yau a 670, kuma a ƙasar nan ta Barbar aka kashe shi a Tahuda a 683 shi da mutanensa kimanin 300. Yanzu ki ɗauko Risala da muke karantawa a zaure, ki duba sunan mai ita: Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani. Mudawwana ta Sahnun a Ƙairawan aka tattara ta. Da Kahina ta yi nasara ta dindindin, ina Ƙairawan, ina Risala, ina mazhabar Malikiyya da kakanninmu suka tashi a kai? Ki koyar da labarinta, ba laifi, amma kada ki ɗora wa yara ita a matsayin abin koyi.

Zainab A.: Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya, ba jayayya nake ba. Idan baƙi suka shigo garinku da takubba, ba ku san harshensu ba, ba ku taɓa jin abin da suke kira zuwa gare shi ba, abin da kuka gani kawai ana kwashe dukiya ana kama mutane, me za ku yi? Ita ma ai abin da ta gani ke nan. Mu yau mun san ƙarshen labarin, ita ba ta sani ba.

Malam Habu: 'Yata, tambayarki tana kan hanya. Hisabinta yana wurin Allah, ban yanke mata komai ba. Abin da na ce shi ne wane ɓangare ne namu.

Dokta Nasiru: Bari in sa baki, don akwai abin da ya kamata mu shimfiɗa kafin a ci gaba. Duk abin da ake faɗa a kan matar nan daga alƙaluman waɗanda ta yaƙa ya fito, kuma an rubuta shi ne bayan ta daɗe da mutuwa. Cikin na farkon da suka ambace ta akwai Ibnu Abdil Hakam, mutumin Masar, wanda ya rasu a 871, kusan shekara 170 bayanta. Sai Baladhuri. Sai Maliki mai Riyadun Nufus a ƙarni na 11. Ibnu Izari da Ibnu Haldun kuwa a ƙarni na 14 suka rubuta nasu. In ka jera su za ka ga wani abu: wanda ya fi nisa da zamaninta shi ya fi yawan bayani. Na farko sun ba ta 'yan layuka. Kafin a zo kan Ibnu Haldun ta samu cikakkiyar nasaba, an ce ta yi shekara 127 a duniya, 35 a kan mulki. Kowa ya san yadda labari ke ƙara ƙiba in ya daɗe a baki.

Hatta addininta an yi saɓani. Daga wani wuri a littafin Ibnu Haldun aka ɗauko cewa Jarawa suna bin Yahudanci. Maliki kuma ya ce tana yawo da wani gunki na itace da ake ɗauka a kan raƙumi, wanda masanin tarihin nan na Tunisiya, Muhammad Ɗalbi, yake ganin alama ce ta Kiristanci, don yankin ya cika da Kiristoci tun zamanin Rumawa. Wasu suka ce addinin gargajiya take yi.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, duk da sun kira ta bokanya, malaman nan namu ba su wulaƙanta ta ba. Su ne suka rubuta cewa ta kama mutum 80 daga sojojin Hassan, ta kyautata musu, ta sake su duka sai mutum ɗaya. Ba wanda ya tilasta musu rubuta wannan. Idan Ibnu Izari bai ji kunyar faɗin karamcinta ba, Malama Rabi ma ba sai ta ji ba.

Ilu Ɗan Abzin: Sannunku da muhawara. Ni ba malami ba ne, gini nake yi, amma na zauna Aljeriya shekara huɗu, biyu a birnin Batna. Mutanen wurin Shawiya ake ce musu, su ne 'yan Auras. Maigidan da na yi wa aiki dattijo ne, ba ya rasa jam'in asuba, yana da tabon sujada kamar na kowane liman a nan. Jikarsa mace sunanta Dihya. Wata rana muna shan shayi a kan bulo bayan mun tashi aiki, na tambaye shi yaya aka sa wa yarinya sunan wadda ta yaƙi Musulmi. Ya ajiye kofi, ya ɗan jima bai ce komai ba. Sannan ya ce mini ita kakarsu ce, Musulunci kuma addininsu ne, ba wanda zai sa shi ya zubar da ɗaya don ya riƙe ɗaya. Shi ne kuma ya ce in na samu hali in ziyarci kabarin Sidi Uƙuba kusa da Biskra, ya ce shi ya je ba sau ɗaya ba. Malam Habu, mutum ɗaya ne fa yake faɗin duka biyun.

Malam Habu: Malam Ilu, wannan dattijo Allah ya ƙara masa lafiya. Amma ka san ba kowa ne a can yake da irin zuciyarsa ba. Akwai masu ɗaga sunanta don su ce Musulunci mamaya ce ta Larabawa, a koma abin da ake kai kafin zuwansa. Turawan Faransa su suka fara hura wannan wuta lokacin mulkin mallaka. Suka riƙa kwatanta ta da jarumarsu Jan Dark, don su raba Barbar da Larabawa su ji daɗin mulki. Abin da nake tsoro ke nan ya shigo ajin 'ya'yanmu.

Ilu Ɗan Abzin: Wannan gaskiya ne, akwai su, na gan su. Akwai mutum-mutuminta a garin Bagai a jihar Hanshala, an kafa shi a 2003, a 2016 wasu suka cinna masa wuta. Har yau maganarta tana da zafi. Amma Malam, su 'yan Auras ɗin nan ne suka fi kowa riƙe wuta da aka tashi yaƙin korar Faransa a Nuwamban 1954. Da makircin Bature ya kama su, da ba su yi haka ba. Abin da yawancinsu ke nema shi ne a daina raina harshensu. Sai a 2016 aka sa Tamazight, harshen Barbar, ya zama harshen hukuma a Aljeriya. Mu a Agadas mun san wannan ciwon, don Buzaye 'yan uwansu ne, harshen gida ɗaya ne.

Hajiya Mairo: Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Dokta ya ce ta saki fursunoni sai ɗaya. Me ta yi da ɗayan?

Dokta Nasiru: Hajiya, nan ne zuciyar labarin. Sunansa Halidu bin Yazid. An ce ta dube shi ta ce ba ta taɓa ganin namiji mai kyau da jarumta irinsa ba, tana so ta mai da shi ɗanta. Tana da 'ya'ya maza biyu, ɗaya ubansa ɗan Barbar ne, ɗaya Bagirke. Sai ta kwaɓa garin sha'ir da mai, ta shafa a ƙirjinta, ta kira su ukun ta ce su ci. Da suka ci ta ce, kun zama 'yan uwa. A al'adarsu wannan ya zama shayarwa, har gado yana shiga tsakani.

Halidun nan kuma shi ya riƙa aika wa Hassan asirinta. An ce ya rubuta takarda yana shaida masa cewa kan Barbar a rabe yake, ya tura ta cikin gurasa ya ba manzo. Manzo bai yi nisa ba sai ga ta ta fito gashi a kwance tana kuka tana cewa mulkinku ya tafi a cikin abin da mutane ke ci. Aka bazu nema, ba a gano shi ba.

Hajiya Mairo: Innalillahi. Wanda ta ɗora a ƙirjinta. Malam Habu, don Allah wannan fa? Amana ce ko ba amana ba?

Malam Habu: Hajiya, yaƙi ɗan zamba ne, hadisi ya tabbatar. Fursuna ne a hannun abokan gaba, mubaya'arsa tana wuyan shugabansa. Amma ba zan ɓoye miki ba, duk lokacin da na karanta wurin nan sai na ji nauyi a zuciyata. Kuma ki lura, a ƙarshe shi ɗin ne ya karɓar wa 'ya'yanta aminci a wurin Hassan. Bai manta da garin sha'ir ɗin ba gaba ɗaya.

Baba Tanko: Yara, kun tsaya kan addini da amana, kun bar maganar mulki. Ni na yi aikin gona na hukuma shekara talatin, da idon manomi nake kallon labarin nan. Abin da ya kayar da matar nan ba takobin Hassan ba ne. Bayan ta ci yaƙi ta riƙe ƙasar kusan shekara biyar. Sai ta tara mutanenta ta ce Larabawa birane suke so da zinariya da azurfa, mu kuwa gona da makiyaya sun ishe mu, don haka a rushe abin da ke jawo su. Aka shiga sare itatuwa ana rusa garuruwa. To ita 'yar duwatsu ce, dukiyar mutanenta a kan ƙafa huɗu take, in wuri ya lalace sai a kora a yi gaba. Amma mai gonar zaitun fa? Itacen zaitun sai ya shekara da shekaru kafin ya fara ba da abin kirki, wanda kaka ya dasa jika ke ci. Ka sare wa mutum wannan ka ce don ka cece shi ne? Shi ya sa da Hassan ya dawo, mutanen garuruwa da kansu suka fita tarbarsa suna neman ya raba su da ita. Shugaban da ya auna talakawansa duka da mudun gidansu, ƙarshensa ke nan. Wannan za ki koya wa yara, Malama.

Dokta Nasiru: Baba, karatunka ya yi kyau, sai dai in ƙara gishiri kaɗan. Labarin ƙone ƙasar nan masana da yawa na ganin an zuzuta shi. Marubutan suka ce wai kafin ita, daga Ɗarabulus ta Libiya har Ɗanja ta Maroko inuwa ɗaya ce, gari na manne da gari. Wanda ya san nisan wurin ya san wannan zancen baka ne. Kuma wanda ya ci yaƙi yana da amfani a ce mutanen ƙasa ne suka kira shi. Amma asalin abin da ka faɗa yana nan: ba ta iya haɗa makiyayan duwatsu da mazauna birane a inuwa ɗaya ba, kuma ta nan aka shige ta.

Baba Tanko: Ko an ƙara, ba a ƙara a kan babu ba, ɗana.

Sadiq: Ni dai a taƙaice, hadisi ya riga ya gama magana: mutanen da suka ba mace ragamar al'amarinsu ba za su rabauta ba. Ga shi kuwa an gani.

Zainab A.: Yaya Sadiq, hadisin yana cikin Buhari, ba mai musu. Amma kafin ita akwai Kusaila, namiji, shugaban ƙabilar Auraba ta Barbar. Shi ya kashe Uƙuba, ya riƙe Ƙairawan 'yan shekaru, sannan Zuhairu bin Ƙais ya zo ya kashe shi. Sarakunan Rumawa maza ne, sun rasa Kartaj. Sarkin Andalus namiji ne, ya faɗi a 711. Duk wanda ya tsaya gaban rundunonin nan a lokacin ya faɗi, mace ko namiji. Ita ce ma ta kore su suka yi shekaru ba su dawo ba. Kuma Alƙur'ani ya ba mu labarin sarauniyar Saba a Suratun Namli, wadda ta yi shawara da manyanta, ta ce sarakuna in sun shiga gari ɓata shi suke yi, ta nema wa mutanenta mafita.

Malam Habu: Sadiq, a bar hadisin nan a muhallinsa, malamai sun yi dogon bayani a kansa, ba nan ne wurinsa ba. Amma tunda Zainab ta ambaci Kusaila, adalci ya sa in faɗi abin da ke cikin littattafanmu ko da ba daɗi. Kusaila ya musulunta a hannun Abul Muhajir Dinar, gwamnan da ya maye gurbin Uƙuba na wani lokaci, wanda ya ja shi a jiki. Da Uƙuba ya dawo kan mulki sai ya wulaƙanta shi, har ya sa shi fiɗar tunkiya a gaban mutane, shi da yake sarki a cikin ƙabilarsa. An ce yana fiɗa yana shafa jinin a gemunsa. Abul Muhajir ya gargaɗi Uƙuba cewa Annabi (SAW) lallashin manyan Larabawa yake yi, kai kuma ka samu shugaba sabon shiga kana tozarta shi. Abin da ya biyo baya kun ji shi. Ina ƙaunar Uƙuba, ina roƙa masa rahama, amma ba ma'asumi ba ne. Kahina ta tashi ne a ƙasar da wannan abu ya faru shekara goma sha biyar kacal kafin nan.

Malama Rabi: Malam, wallahi wannan bayanin naka ya fi komai taimaka mini. To yaya ƙarshenta ya kasance? Littafin da ke hannuna layi ɗaya ya ba shi.

Dokta Nasiru: Abdulmalik ya ƙara wa Hassan sojoji, ya dawo. Ana sa yaƙin ƙarshe tsakanin 701 da 703. Daren da za a gwabza ta kira 'ya'yanta ta ce musu ita ta ga mutuwarta, su bi Halidu su je wurin Hassan su nemi aminci, za su samu matsayi a wurinsa. Suka ce to ki gudu mana, ki bar masa ƙasar. Ta ce ita sarauniya ce, sarakuna ba sa gudun mutuwa, ba za ta jawo wa mutanenta abin kunya na har abada ba. Washegari ta fita ta yi yaƙi har aka kashe ta kusa da wata rijiya da aka riƙa kira Bi'irul Kahina.

Hassan ya karɓi 'ya'yan. Ya sharɗanta wa Barbar su ba da mayaƙa 12,000, ya ɗora 'ya'yan nata a kansu. Ba a wuce shekara goma ba Ɗariƙu bin Ziyad ya tsallaka Andalus a 711 da runduna da mafi yawanta Barbar ne.

Hajiya Mairo: Ni uwa ce, na gane abin da ta yi. Kanta ta zaɓar wa mutuwa, 'ya'yanta ta zaɓar musu rayuwa. Ba ta ce tunda ni zan tafi kowa ya bi ni ba. Shugabanni nawa ne suka ja al'umma gaba ɗaya cikin rami don kada a ce sun sunkuya?

Sadiq: Amma Hajiya in ta san gaskiya tana wurin Hassan har ta tura 'ya'yanta, me ya hana ta bin su?

Hajiya Mairo: Ba a ce ta san gaskiya tana wurinsa ba, ɗana. An ce ta san nasara tana wurinsa. Abu biyu ne.

Dokta Nasiru: Kuma kada a ɗauka daga nan komai ya lafa. Umar bin Abdul'aziz ya turo malamai goma daga tabi'ai su koyar da Barbar addini, a nan ne Musulunci ya fara shiga zukata sosai. Amma gwamnonin da suka biyo baya sun ci gaba da tatsar Barbar kamar ba Musulmi ba, har suka yi gagarumin tawaye a 740 ƙarƙashin Maisara, daga Ɗanja. Abin lura shi ne a wannan karon ba su yi tawaye don su bar Musulunci ba. Da sunan Musulunci suka yi shi, suna cewa Balarabe bai fi su ba a wurin Allah. Kusan shekara arba'in bayan Kahina ke nan.

Malam Habu: Nan kam mun haɗu da Dokta. Kuma in an bi sawu, mu ba daga hannun Banu Umayya muka karɓi karatu ba, daga hannun jikokin Barbar ɗin nan ne. Ajurrumiyya da kowane ɗalibin nahawu ke haddacewa, mai ita ɗan ƙabilar Sanhaja ne ta Barbar. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa daga Tilimsan ya fito, Magila kuwa ƙabilar Barbar ce. Ban canza ra'ayina ba, Malama: ba na so a kira ta jarumarmu, don abin da ta tsaya a kai ba shi muke kai ba. Amma ban yarda a zage ta a aji ba.

Ilu Ɗan Abzin: Mu ma a nan Nijar ana cewa Uƙuba ya iso har Kawar, wajen Bilma, kuma na ji Fulani da yawa suna kai asalinsu gare shi. Ga kuma Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899, ita ma ba Musulma ba ce, ita ma an ce mata matsafiya, amma yaranmu suna karanta ta a makaranta ba wanda ya fita daga addini.

Malam Habu: Da bambanci, Malam Ilu. Mangu Bature ta yaƙa.

Ilu Ɗan Abzin: Da bambanci a wurinmu, Malam. A wurin wadda ke kan dutse tana hango ƙurar dawaki, ban ga yadda za ta bambance ba.

Malama Rabi: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na yanke shawarar darasin zai ci kwana biyu. Ranar farko Uƙuba da Kusaila, har da fiɗar tunkiyar. Rana ta biyu ita da Hassan, zan karanta musu wurin garin sha'ir da wurin sare itatuwa, in bar su su yi gardama kamar yadda kuka yi. Saura abu ɗaya: wane suna zan rubuta a allo? In na rubuta Kahina, dole in fassara, kuma da zarar 'yan matan nan sun ji bokanya sun gama yanke hukunci.

Ilu Ɗan Abzin: Ki rubuta Dihya. Shi ne wanda jikokinta ke raɗa wa 'ya'yansu.

Malam Habu: Ki rubuta duka biyun, Malama, ki gaya musu wanda ya sa mata kowanne. Bayan isha'i zan ɗauko hoton shafin da ke da maganarta da 'ya'yanta in turo miki, ki karanta musu da Larabcinsa kafin ki fassara.